Faston Aski

Ran Talata takardar ta zo, ina kan keke ina ɗinka labule. Ni tela ce, shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, manne da gidan da muke zaune. Maigidana kuwa fasto ne. A lokacin shekararsa goma sha ɗaya yana mataimaki a babbar majami'ar garin. Shi ke wa'azi a sujada ta biyu, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ake turawa duk inda babban fasto ya gaji da zuwa. Da aka ce babban fasto zai yi ritaya, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai gaje shi. Matan zumunta har sun fara ce mini "Mama" da wata irin murya mai zaƙi. Ni ma ba zan ɓoye ba, na shiga gidan faston da sunan gaisuwa, na auna tagogin falo da ido, na dawo na yanka yadi.

Ya shigo shagon ko gaisuwa babu, ya ajiye takardar a kan keken.

"Karanta," ya ce.

Majalisar ikilisiya ce ta rubuto. Ta gode masa da hidimar da ya yi, ta kuma naɗa shi mai hidima a babban asibiti, a ɗakin maza masu doguwar jinya, daga farkon wata. Majami'ar kuma an ba wani wanda maigidana ya girme shi da shekara tara.

"Kuskure ne," na ce. "Sun haɗa sunaye."

"Ba kuskure. Mutum uku ne suka sa hannu."

"To me ka yi musu?"

"Abin da nake ta tambayar kaina ke nan tun daga ofis har nan."

Labulen na ƙarasa shi, don ba na barin ɗinki rabi. Na kai wa yayata, ta rataya a falonta, ya yi wa tagoginta tsawo har yana sharar ƙasa.

Ranar farko ya sa kwat ɗinsa baƙa, ya goge takalmi, ya ɗauki jaka cike da takardun wa'azi. Da yamma ya dawo ya zauna a bakin gado da takalmin a ƙafarsa. Na kawo abinci, ya kalla kawai.

"Baban yara, yaya wurin?"

"Gado ashirin da biyu," ya ce. "Yawancinsu shanyewar ɓarin jiki. Akwai masu karayar baya. Akwai waɗanda sun warke tuntuni amma ba wanda ya zo ɗaukarsu. Na tsaya a tsakiya na yi musu wa'azi a kan haƙuri cikin wahala, minti arba'in."

"Suka ce me?"

"Biyu sun yi barci. Ɗaya ya ɗaga hannu, na ɗauka tambaya zai yi, ashe fo yake nema zai yi fitsari."

Na yi dariya, amma shi bai yi ba, sai na haɗiye tawa.

Haka ya yi ta yi har sati uku. Ya rage wa'azin zuwa minti ashirin, ya rage zuwa goma. Ya rubuta wa majalisa takardar koke, ni na tura shi, ni na kai ta ofis da ƙafata. Amsar ta zo layi biyu: sun ji, ya ci gaba da haƙuri. Da safe in muna addu'a sai in ji yana cewa, "Ya Ubangiji, in laifi na yi ka nuna mini shi. In ba laifi ba ne, ka nuna mini me kake nufi." Ni ko a raina cewa nake, ba ruwan Allah a wannan, mutane ne suka yi son kansu.

A ɗakin akwai wata dattijuwa mai shara da gyaran gado, kowa Inna yake ce mata, har likitoci. Shekararta ashirin da shida a ɗakin nan. Gajeruwa ce, ƙafarta ɗaya tana ɗingishi, bakinta kuma ba ya jiran kowa. Wata safiya yana tsaye yana buɗe takardunsa sai ta kira shi daga gado na biyar.

"Fasto, hannuwan nan naka na ado ne ko suna aiki?"

"Suna aiki, Inna."

"To ajiye takardar ka zo ka riƙe mini bawan Allahn nan in cire zanin gado. Nas ɗaya ce yau, tana can ɗakin mata."

Ya riƙe. Mutumin ya ɓata jikinsa tun asuba, kuma da aka juya shi sai ya ƙara. Ranar kwat ɗin a leda ta dawo gida. Na wanke ta sau uku ina yi ina faɗa ni kaɗai, na ce shekara shida na makarantar tauhidi ga inda suka ƙare, a bokitin wanki.

A gado na tara akwai wani tsoho da ake ce wa Direba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan tanka. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, amma maganarsa tana fita, kuma ba ta fita da daɗi. Wata takwas yana kwance ba wanda ya taɓa zuwa duba shi. Duk sanda maigidana ya matso zai yi masa addu'a sai ya juya fuska bango. Wata rana dai ya juyo.

"Kai, Mai Kwat. Me ka yi aka kawo ka nan?"

"Ba abin da na yi, Baba. Hidima aka turo ni."

"Ƙarya kake. Ba a turo mai amfani ɗakin nan. Kai ma yar da kai aka yi kamar mu. Bambancinmu da kai, kai kana tafiya gida da yamma."

Maigidana ya ɗauki jakarsa ya fito. Kwana uku bai koma ba, ya ce mini zazzaɓi ne. Na taɓa goshinsa sanyi ƙalau, amma na ƙyale shi, don a gaskiya daɗi na ji. Na ɗauka daga nan zai ajiye aikin.

A rana ta uku da la'asar sai ga Inna a ƙofar shagona, da jakarta a hammata, za ta gida. Ban san yadda ta gano wurin ba. Na ba ta kujera ta ƙi zama.

"'Yata, maigidan yana ciki?"

"Yana ciki, Inna, ba ya jin daɗi ne."

"Allah ya sawwaƙe. In ya ji sauƙi ki gaya masa gado na tara ya tambaye shi sau biyu. Cewa ya yi, ina Mai Kwat, ko ya yi fushi? Wata takwas ina share ƙarƙashin gadon tsohon nan, ban taɓa jin ya tambayi wani ɗan Adam ba. Shi ke nan saƙona."

Yana bayan ƙofa, ya ji komai. Washegari ya sa riga mai gajeren hannu ya tafi, jakar ma ya bar ta.

Abin da ya faru, shi ya ba ni labari. Ya je ya zauna kusa da gadon, ya ce, "Baba, gaskiya ka faɗa, abin da ya sa ta yi mini zafi ke nan. To ga ni. Me kake so in yi maka?"

"Ba addu'a ba dai," in ji Direba. "Masu addu'a suna zuwa ran Lahadi, su tsaya daga can bakin ƙofa, hannu ɗaya a sama ɗaya a hanci. Gemun nan nake so a cire mini. Ƙaiƙayi yake yi, hannun da zan sosa da shi kuma yana riƙe da ƙarfen gado. Ni da ban taɓa tayar da mota da gemu a fuskata ba."

Maigidana ya fita bakin asibiti ya sayo reza da sabulu, Inna ta ba shi ruwan ɗumi a roba. Bai taɓa yi wa wani aski ba sai kansa. Fatar tsoho kuma ta saki, ga ɓarin fuskar da ba ya motsi. Wuri huɗu ya yanke shi. Direba ya zage shi tas, ya ce ko kwandastan da ya fi kowa wauta a tasha ya fi shi hannu. Da aka gama ya ce a kawo madubi. Babu madubi a ɗakin, sai Inna ta ciro ɗan ƙarami daga jakarta. Ya daɗe yana kallon kansa.

"To," ya ce. "Ashe ina nan."

Kafin a kwashe ruwan, na gado na goma ya ce shi ma yana so, na sha ɗaya ma haka.

A ƙarshen layinmu akwai mai aski, wani mai barkwanci da ya daɗe yana yi wa maigidana gyaran fuska. Wurinsa ya je koyo. Mai askin ya ce shi bai taɓa samun ɗan koyo mai digiri biyu ba, don haka sai ya fara daga shara kamar kowa. Ya hura balan-balan, ya shafa mata kumfa, ya ba shi aska ya ce ya kwashe kumfar kada ta fashe. Daga shagona ina jin ƙarar, fau, sai kuma dariyar masu jiran layi. Ranar farko guda bakwai ya fasa. Bayan sati biyu ya daina fasawa. Ya koyi yadda ake jan fata da yatsa biyu, ya koyi aski da almakashi ga wanda ba zai iya ɗaga kai ba, ya koyi yanke farcen da ya yi kauri bayan an jiƙa shi.

Magana ba ta kwana. Ran Lahadi bayan sujada na ji wasu mata biyu a bayana, ɗaya tana cewa, "Ga matar Faston Aski nan." Ɗayar ta ce, "Wayyo, mai wa'azi kamar wannan." Tausayin ya fi zagin ciwo. Na dawo gida na sauke masa.

"Baban yara, ka san abin da ake ce maka a gari? Kai ba ka jin kunya, ni ina ji. In ba za su ba ka majami'a ba, ka koma koyarwa. Makarantu nawa ne za su ɗauke ka gobe?"

"Na sani."

"To me ya zaunar da kai?"

Ya ce, "Sau nawa kika ji na yi wa'azi a kan ranar da Ubangiji Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa?"

"Ban ƙirga ba. Duk shekara."

"Duk shekara. Har kuka ake yi. Ban taɓa tunanin ƙafafun nan suna wari ba sai watan jiya."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ba amsa ba ce," ya yarda. "Ita nake da ita dai."

Ban taka asibitin ba sai da ya yi wata biyar a can, shi ma dole ce ta sa. Ya fita da makullin shagona a aljihunsa, ga mai kaya tana jira. Na bi dogon baranda har ƙarshe, na tura ƙofa. Warin maganin wanke ƙasa ya fara tarye ni, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin da maganin bai iya rufewa ba. Gadaje layi biyu, fanka uku, ɗaya ce ke juyawa. Can na hango shi a durƙushe a ƙasa, tawul a kafaɗa, ƙafar wani tsoho a kan cinyarsa yana yanke masa farce, suna gardama a kan ko birkin iska ya fi na mai.

Tsohon ne ya fara ganina. "Mai Kwat, ga wata nan tana kallonka kamar ka ci mata amana. Uwargida ce?"

"Ita ce, Baba."

"Sannu, Uwargida. Mijinki ya iya aski yanzu, amma bai san komai a kan mota ba."

Na gaishe shi, na karɓi makulli zan juya. Sai ga Inna da wata nas za su canja wa na gado na goma riga. Irin rigar asibitin nan ce da ake zurawa ta kai. Mutumin hannunsa ya sandare a naɗe a ƙirji. Suka ɗaga shi, suka ja, suka lanƙwasa, yana nishi hawaye na zuba. Ni ba nas ba ce, ban san ciwo ba, amma na san riga. Na tsaya ina kallo har raina ya ɓaci.

"Wa ya yanka wannan rigar?" na ce. "Ai ba a yi ta don mai ciwo ba. Da an buɗe ta daga kafaɗa har gefe, sai a shimfiɗa ta a kwantar da shi a kai a ɗaure, ba sai an taɓa hannun ba."

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "To ke da kika sani, me kike jira?"

Tef ɗina yana wuyana, ban ma san na fito da shi ba. Na auna mutumin a kwance. Na koma shago na sallami mai kaya, na ɗauko ragowar yadi na yanka. Ta farko maɓallai na sa mata, Inna ta dawo da ita ta ce suna danne fatar mai kwanciya, suna yi masa gyambo. Ta biyu na sa igiya, ta ce igiyar ta yi siriri, mai hannu ɗaya ba zai iya kamawa ba. Ta uku ce ta karɓa ba ta ce komai ba, wanda a wurin Inna shi ne yabo. Kafin wata biyu duk mai shanyayyen hannu a ɗakin yana da guda biyu. Ban ce na daina jin haushin majalisa ba. Ina dai ɗinki ina jin haushin.

Tun daga nan nakan leƙa ran Alhamis, ranar aski. Ta haka na san labarin Direba, don ba ya ɓoyewa. Yana da 'ya ɗaya, malamar makaranta ce a wani gari. Tana ƙarama yakan yi wata uku bai leƙa gida ba, in ya zo ma faɗa ne. Ranar da matarsa ta rasu an aika masa, yana da lodi, ya ce sai ya sauke. Ya iso bayan kwana tara. Yarinyar tana da shekara goma sha shida a lokacin. Ta buɗe masa ƙofa, ta koma ciki, kuma tun ranar ba ta sake ce masa Baba ba.

"Ba na neman ta yafe," ya ce wa maigidana wata Alhamis, kumfa a fuskarsa. "Ni ma da ni ne ba zan yafe ba. So nake ta ji daga bakina cewa na san abin da na yi. Ka iya nemo ta?"

Sati uku maigidana ya yi yana nema, daga wani tsohon abokin tuƙi zuwa wata ƙanwar marigayiyar, har ya sami lambarta. Ta saurare shi a waya har ya gama, ta ce, "Na ji, Fasto. Zan zo ran Asabar."

Ran Asabar tun da safe aka yi wa Direba wanka da aski, na kawo masa sabuwar riga mai ruwan toka. Aka ɗaga kan gadon ya fuskanci ƙofa. Duk wanda ya turo ƙofar sai ya miƙa wuya. Har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara ba ta zo ba.

"Kwantar da ni," ya ce. Da aka kwantar da shi ya ƙara da cewa, "Ta yi daidai. Haka nake yi musu."

Maigidana ya dawo gida ransa a jagule. Ya ce shi ya ja wa tsohon, da bai nemo ta ba da bai sa rai ba. Ya ce ya yi addu'a a kan zuwan nan fiye da yadda ya yi a kan majami'a, ga shi nan. Wannan karon ni ce na ce masa ya ci abinci, Litinin ya koma, tunda dai gemu ba zai fasa tsirowa ba.

Sai bayan sati uku ta zo, ran Laraba, ba ta gaya wa kowa ba. Na kai riguna ke nan na same ta a tsaye a ƙarshen gadon, doguwar mace da tabarau, jakarta a rungume a ƙirji. Direba ba aski, shayi ya zubo masa a gaban riga. Ya yi ta ƙoƙarin magana, bakin ya ƙi, kalmomin suna fita a tauna. Maigidana ya matso zai fassara, ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Fasto. Ina ji."

Ya faɗi abin da zai faɗa. Bai fi jimla huɗu ba. Can ta ce, "Na ji." Ta ɗauki kofin shayin da ya huce, ta duba, ta ce wa Inna ko akwai mai zafi. Aka kawo. Ta zauna a bakin gadon ta ba shi da cokali har ya shanye, ta goge masa baki da hankicinta. Minti ashirin ta yi, ta tashi ta ce motarta za ta tashi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce masa Baba ba. Amma ta sake zuwa sau biyu.

Da ta fita a ranar farkon nan, Direba ya kira maigidana. "Fasto," ya ce, kuma ran nan ne na fara jin ya kira shi haka. "Yi mini irin taku ɗin nan. Amma gajeruwa, kada ka mai da ita wa'azi."

Maigidana ya riƙe masa hannun mai rai ya yi addu'ar. Ba ta kai minti ɗaya ba. Ya roƙi Allah ya gafarta wa tsohon saboda Almasihu, ya gafarta mana mu ma, ya kai 'yar gida lafiya. Direba ya ce amin, sannan ya ce a rufe masa ƙafa, fankar tana damunsa.

Bayan wata biyu ya rasu, da hantsi, Inna tana share ƙarƙashin gadon. Mu shida ne a wurin jana'iza: 'yar da mijinta, Inna, mai askin layinmu wanda bai taɓa ganinsa ba amma ya ce ai kwastomansa ne ta hannun ɗalibinsa, sai mu biyu. Maigidana ya yi magana kaɗan. Ya ce wannan mutum ya yi kuskure babba ya kuma amsa shi da bakinsa, kuma Allah bai yar da shi ba.

A hanyar dawowa muna tafe a ƙasa na tambaye shi abin da ya daɗe a raina.

"Baban yara, tsakaninka da Allah, kana ganin shi ya kai ka ɗakin nan, ko mutanen majalisa ne da son ransu?"

"Wataƙila son ransu ne," ya ce. "Ban sani ba, kuma na daina bincike. Da ina ɗauka nufin Allah kamar kujera ce da aka rubuta sunana a jiki, wani ya zo ya zauna mini. Shi ya sa nake ta kuka. Amma da na shiga ɗakin can na tarar Allah ya riga ni zuwa. Shekara ashirin da shida yana aiki da hannun Inna, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya taɓa kiranta gaban jama'a."

"To in suka kira ka gobe suka ce ga majami'a?"

"Kada ki sa in yi ƙarya, ina son wa'azi har yanzu. Zan yi tunani. Sai dai in sun kira ran Alhamis, su jira."

Ba su kira ba, har yau da nake ba da labarin nan, shekara bakwai ke nan.

Sati biyu bayan jana'izar, ina shago sai ga 'yar Direba da ƙatuwar jaka. Ta ce ta je ɗakin da yake haya kafin ya kwanta, ta kwashe kayansa, ba ta san abin da za ta yi da su ba. Ta zazzage a kan teburin yanka. Riguna ne, goma sha ɗaya, masu kauri irin na masu doguwar tafiya, duk a wanke a ninke.

"Anti, za su yi irin waɗanda kike ɗinka musu?"

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina duba kafaɗa da gefe. Tara za su yi. Ɗaya baƙin mai ya cinye ta. Ɗayar kuma, mai shuɗi da aljihu biyu, na ga ta bi ta da ido, sai na ce wannan yadinta ya yi tauri, ba zai yi wa mai kwanciya daɗi ba. Ta karɓa ta mai da ita jaka.

"Kin iya farke ɗinki?" na tambaye ta.

"Ban taɓa ba."

Na jawo mata kujera, na ba ta reza, na nuna mata inda za ta fara daga hammata. Motarta sai ƙarfe huɗu, kafin lokacin mun farke guda biyar.